Kayan Aikin Gida Don Kula da Birkin Babur Mai ABS

Ko wane mai hawan babur ya san abin da ke faruwa in ya damƙe birki da ƙarfi a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar kwalta. Taya ta kan tsaya cik alhali babur bai tsaya ba, sai ya zame, in kuwa tayar gaba ce mahayi ya sha ƙasa nan take. Domin maganin wannan a ka ƙago wani irin birki da a ke kira ABS, watau birkin da ba ya barin taya ta kafe. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sa shi a baburan sayarwa cikin 1988. Tarayyar Turai ta wajabta shi daga 2016 ga sababbin babura waɗanda injinsu ya wuce cc 125, Indiya kuma ta bi sahu a 2018. Ƙananan baburan da su ka cika garuruwanmu yawancinsu ba su da shi, amma manyan da a ke shigowa da su na hannu su kan zo da shi. Nufina a nan in bayyana kayan aikin da mutum zai iya haɗawa da kansa don kula da shi, da kuma inda ya kamata ya dakata.

Bari mu fara duba yadda abin ya ke aiki. A jikin taya akwai zoben ƙarfe mai haƙora. Dab da shi akwai ɗan ma'auni mai ƙirga haƙoran sa'ad da su ke wucewa, yana aika labari ta waya zuwa wani akwati mai ƙwaƙwalwar lantarki da ƙananan bawul da ɗan famfo. In ƙwaƙwalwar ta ga taya za ta kafe, sai ta sassauta matsin man birki, ta mayar, ta sake sassautawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa mahayi ya kan ji hannun birki yana karkarwa.

Abokan gaban wannan birki biyu ne, iska da ruwa. Mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, saboda haka in ta shiga bututu sai hannun birki ya yi laushi kamar soso. Man birki kuma yana shan raɓa a hankali. Wanda a ka rubuta wa DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 na Santigiret, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. A doguwar gangara birki ya kan yi zafi ƙwarai, in man ya tafasa kuwa, mahayi ya ja hannu ya ji wayam. Ban da haka, ruwan ya kan sa bawul ɗin cikin akwati su yi tsatsa, akwatin nan kuwa tsada gare shi. Don haka yawancin masu ƙera babura su ka ce a sake mai duk shekara biyu.

Na farko cikin kayan aikin shi ne kwalba da tiyo. A sami kwalbar roba mai tsabta, a huda murfinta wuri biyu, ɗaya don tiyo, ɗaya don numfashi. Tiyon ya zama siriri garai-garai, wanda a ke ganin abin da ke bi ta cikinsa. A zuba sabon mai kaɗan, bakin tiyo ya nutse ciki. Ɗaya bakin kuma a cusa shi kan 'yar ƙusan nan mai rami da ke jikin maƙallin da ke cizon faifan birki. Sa'an nan a ja hannun birki, a kwance ƙusar kaɗan da sifana, tsohon mai ya fito, a ɗaure ta kafin a saki hannu. Haka za a yi ta yi har mai ya fito fes ba kumfa.

Na biyu shi ne babban sirinji, don zuƙe tsohon mai daga 'yar tukunyar da ke kan babur kafin a zuba sabo. A nan ne na ke roƙon mai karatu ya buɗe ido. Kada ya yarda tukunyar ta ƙafe sa'ad da ya ke aiki, gama in iska ta gangara ta shiga akwatin, fid da ita ba ƙaramin aiki ba ne.

Na uku guntun katako ne. In an cire takalman birki, sai a fere katako daidai gurbin da su ka bari a cusa, domin kada fistin ya fito waje in an ja hannu. Katako ya fi ƙarfe a nan, gama ba ya ƙarzar fistin.

Na huɗu mazurari ne, labarinsa kuwa daga baburan BMW ya fito. Tsakanin 2001 da 2006 kamfanin ya yi waɗansu manyan babura waɗanda famfon lantarki ke ƙara wa birkinsu ƙarfi. Akwatinsu yana ƙarƙashin tanki, da nasa tukwanen mai ƙanana, famfon kuwa ya kan zuƙe su da sauri in a na sake mai. Sai masu baburan a Turai da Amurka su ka riƙa huda wani murfi irin na tukunyar, su liƙa masa mazurari, su murɗa shi a gurbin, su cika da mai. Muddin mazurarin bai ƙafe ba, iska ba ta da ƙofa.

Na biyar guntuwar waya ce. A waɗansu baburan Japan, in an haɗa baki biyu na wani soket da ita, fitilar ABS ta kan yi ƙifce a ƙirga, adadin ƙifcen kuwa shi ke nuna inda ciwo ya ke. Amma wannan sai da littafin babur ɗin a hannu, domin haɗa bakin da ba shi ba yana iya ƙona ƙwaƙwalwar.

To, ga iyakar dabara. Waɗansu babura ba sa buɗe bawul ɗinsu sai an jona musu kwamfuta, don haka in iska ta riga ta shiga akwati sai a nemi bakanike mai ita. Akwatin kansa ba abin buɗewa a gida ba ne. Kada a zuba DOT 5, gama bai dace da ABS ba. Kwalba da sirinji kuma kada su taɓa fetur ko baƙin mai, domin ɗigo kaɗan ya kan kumbura robobin birki. Man birki kuwa yana cin fenti, a goge shi da ruwa nan da nan.

In an gama, a ja hannu a ji ya yi tauri, a goge ƙurar ƙarfe daga ma'aunin taya, sa'an nan a gwada babur a hankali a fili. Fitilar ABS ta kan mutu da zarar an fara tafiya. In ba ta mutu ba, kada a hau hanya da zaton birkin zai hana zamewa. Kwalba da katako ba su da tsada, amma ran mahayi da na wanda ya goya ba a sayensu a kasuwa.