Hoton ciyawa ma yana kare garke: yadda makiyayi zai shigar da saninsa cikin rumbun tsirrai

Duk makiyayin da ke bin burtalolin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji ya san yadda garmani ya cinye wuraren kiwo. Inda da ake samun gadagi, kyasuwa da ƙarangiya, yanzu sai wannan haki mai ganye lausasa da ƙananan furanni ruwan ɗorawa, wanda masana ke kira Sida cordifolia. Bisashe ba su damu da shi ba, shi kuwa yana hana ciyawar kirki fitowa. Shirye-shiryen da asusun FIDA ya tallafa a jihar Maradi, irin su PASADEM da ProDAF, sun sa hannu wajen tuge shi da sake shuka ciyawa. To amma kafin a kai aiki wuri, dole a san ina hakin ya kai da lokacin da yake fure. Makiyayi ne ke fara ganin wannan, kuma salular da ke aljihunsa tana iya isar da labarin.

Mene ne rumbun tsirrai?

Wuri ne a intanet da mutane ke tara hotunan itatuwa da ciyayi, kowane hoto da sunansa da inda aka ɗauke shi da ranar. Biyu sun fi shahara, kuma kyauta ne. Pl@ntNet cibiyoyin bincike na Faransa ne suka kafa shi a 2009, cikinsu har da CIRAD da IRD, manhajarsa ta waya kuma ta fito a 2013. Shi kuwa iNaturalist a Amurka ya fara a 2008. Kana ɗora hoto, manhajar za ta gwada shi da waɗanda take da su, ta ba ka sunayen da take zato. Daga nan wasu masu sani su duba, su tabbatar ko su gyara. Bayanan da suka inganta suna wucewa zuwa babban rumbun duniya mai suna GBIF, inda masu bincike na kowace ƙasa, har da na INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ke iya ɗauko su.

Manhajar da hotunan da aka ba ta take koyo. Tsirran Turai sun fi namu yawan hotuna nesa ba kusa ba, shi ya sa ta fi yin kuskure a kan ciyayin Sahel. Kowane hoto mai kyau daga karkararmu yana rage wannan kuskure.

Yadda ake ɗaukar hoto mai amfani

Ka ɗauki tsiro ɗaya sau uku ko huɗu: dukansa a tsaye, ganyensa daga kusa, furensa ko ƴaƴansa, sannan ɓawonsa in itace ne. Ciyayi irin su kyasuwa da gamba sai sun fid da kai ake bambanta su da kyau, don haka ƙarshen damina, Satumba da Oktoba, shi ne lokacinsu. Hasken safe ko na yamma ya fi na tsakar rana. Ka sa tafin hannunka ko farar takarda a bayan ganyen don ya fito sarai, kuma ka kunna GPS. In babu rezo a daji, ka ajiye hotunan, ka tura ranar kasuwa.

Abin da hoto ba ya faɗa

A nan sanin makiyayi ya fi na na'ura. A wurin rubuta bayani, ka sa sunan tsiron da Hausa, da Fulatanci ko Tamashek in ka sani, domin suna ɗaya kan sha bamban daga gari zuwa gari. Ka faɗi dabbar da ke cinsa, wane ɓangare, a wane lokaci, da abin da yake mata. Misali, ƴaƴan gawo da na kalgo abinci ne mai riƙe dabba da bazara. Marak ciyawa ce mai kyau, amma tana kumbura ciki in shanu suka cika tumbi da ita tana ɗanya a farkon damina. Duman rafi, mai yaɗo a bakin tabki da fure shuɗi-ja, yana zama kore bayan sauran haki ya bushe, kuma dabbar da yunwa ta sa ta ci shi da yawa tana iya kama makyarkyata da tangaɗi. Ka rubuta abin da idonka ya gani daban, abin da ka ji a bakin wasu daban.

Hattara biyu

Na farko, sunan da manhaja ta bayar zato ne. Kada ka ɗura wa dabba wani ganye, ko ka saki garke a kan haki, don kawai waya ta ce ba ya cutarwa. In dabba ta kwanta bayan kiwo, ka janye sauran daga wurin, ka kira likitan dabbobi ko mataimakinsa na garinku nan take, ka kai masa tsiron da hotonsa.

Na biyu, abin da ka ɗora kowa na iya gani. Kada fuskar mutane, gida ko garke su shiga hoton. A iNaturalist akwai damar ɓoye ainihin wurin, kuma ya kamata a yi amfani da ita saboda ɓarayin shanu da masu saran itatuwan magani.

Aikin ƙungiya

Ba kowa ke da babbar waya ba, ba kowa ke karanta boko ba. Ƙungiyar gama-kai tana iya zaɓar matashi ɗaya ko mace ɗaya mai waya, a haɗa su da dattijon da ya san daji. Ku zaɓi burtali guda ko makiyaya guda, ku riƙa ɗaukar hoto a wurare iri ɗaya da damina, da kaka, da rani. Bayan shekara biyu kuna da shaidar da za ku ajiye gaban magajin gari da ma'aikatar kiwo: ga inda garmani ya ci gaba, ga inda ya kamata a tuge shi kafin ya zubar da iri, ga inda gadagi ya dawo.