Ƙananan dodon koɗi: abin da wayarka za ta iya yi musu

Duk wanda ya zauna a Kumasi ko Duwala ya san manyan dodon koɗi da ake sayarwa a kasuwa. Amma akwai ƙanana da ba mu kula da su, waɗanda ke fitowa bayan ruwan sama a ƙarƙashin tukunyar fure, ko cikin ruɓaɓɓen ganye. Wani iri da masana ke kira Subulina octona, mai siririyar katantanwa, tsawonsa bai wuce santimita biyu ba. Ya bazu a ƙasashen zafi na duniya, kuma yawanci cikin ƙasar shuke-shuke da kayan da ake safara yake bi. To ka ga, maganar ta shafe mu 'yan kasuwa.

Masana ba su da yawan da za su leƙa kowane lungu. Shi ya sa suke dogara da hotunan talakawa. Manhajar iNaturalist, wadda aka fara a Amurka a 2008, kyauta ce. Ka ɗauki hoto, waya ta saka wuri da rana, sai masu sani su tantance irinsa. Idan suka yarda a kan suna ɗaya, bayanin zai shiga rumbun da masu bincike na duniya ke amfani da shi. Ka ɗauki katantanwar ta gefen bakinta da ta bayanta, ka ajiye kwabo kusa da ita don a gane girmanta.

Me ya sa za a damu? Ai baƙon dodon koɗi ɓarna yake yi. A 1966 wani yaro ya shigo da manya guda uku birnin Mayami, sai da aka kai 1975 kafin a kawar da zuriyarsu. Da an gano da wuri, da aikin bai kai haka ba. Har yau haramun ne shiga Amurka da masu rai, kuma kwastan na ƙwacewa a filin jirgi.

Sai maganar lafiya. Wasu na ɗauke da tsutsar da ke fitowa daga ɓera, wadda kan jawo wani irin sanƙarau idan an ci su ɗanye, ko ƙarami ya maƙale a ganye aka haɗiye. Uwargida, a wanke latas da kabeji ganye-ganye. Yara kuma su ɗauki hoto abinsu, amma fa in sun taɓa, a wanke hannu da sabulu kafin a zauna cin abinci.