Ɗanɗanon Miya da Lissafin Jama'a

Kowace uwargida ta san ba sai an shanye tukunya ake gane ko gishiri ya ji ba. Cokali guda ya isa, amma da sharaɗi, sai an motsa miyar tukuna. Kan wannan sharaɗi muke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna, musamman na ƙasar Kazaure, domin su aka fi turawa neman lissafin jama'a.

A zamanin En'e malamin haraji gida gida yake bi, yana rubuta kowane baligi. Ƙidayar ƙasa ma haka take, ga tsada, ga wahala, ga gardama, har aka soke ta 1962 da ta 1973. A ta 2006 an sami mutum wajen dubu 78 a Ƙaramar Hukumar Roni. To, in ana so a san gida nawa cikin 100 a Roni ke da yaron da ba ya zuwa makaranta, ba za a zauna jiran wata ƙidaya ba. Sai a ɗebi samfur, wato gidaje kaɗan su tsaya a madadin sauran.

Nan fa gizo ke saƙa. Malami in rana ta yi zafi, sai ya tsaya a gidajen bakin hanya, ko inda mai unguwa ya nuna masa. Su kuwa waɗannan sau da yawa su suka fi kusa da makaranta. Ya ɗebi saman miya ke nan, ya bar rugage da ƙauyukan bayan dutse. In aka raba azuzuwa da malamai bisa lissafinsa, 'ya'yan wa aka zalunta?

Yawa ba ya maganin wannan. A Amurka cikin 1936, wata mujalla mai suna Literary Digest ta tara amsa fiye da miliyan 2, galibi daga masu tarho da masu mota, ta ce Landon zai ci zaɓe. Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. George Gallup, wanda mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da haka ba, shi ya faɗi daidai.

Motsa miya a wannan aiki shi ne ƙuri'a. A rubuta gidaje duka, kowanne da lambarsa, a zuba lambobin a ƙwarya, a cakuɗa, a zaro. Gidan da ya fito a je masa kome nisansa, kada a musanya shi da na maƙwabci.

Wani zai ce, ashe malamai biyu ba za su dawo da amsa daban daban ba? Lalle za su dawo. Mu ɗauka, don misali, gaskiyar ita ce gida 40 cikin 100. A tura malamai 20, kowa ya zaro gida 100. Wannan ya sami 37, wancan 44, wani 40 cif. In aka jera amsoshinsu, sai a ga sun taru kewaye da 40, kamar tsibin gero, tsakiya tudu, gefe gefe kaɗan. Wajen 19 daga cikinsu ba za su fita tsakanin 30 da 50 ba. In kowa ya zaro gida 400, sai su matse tsakanin 35 da 45. Wato sai an ninka aiki sau 4 kuskure ke raguwa da rabi. Kuskuren ƙuri'a ana iya auna shi, na son jiki kuwa ba wanda ya san iyakarsa.

Haka Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a binciken lafiyar jama'a na 2018. Ta zaɓi yanki 1,400 a Nijeriya duka, ta rubuta gidajen kowane yanki, sa'an nan ta ɗebi gida 30 daga kowanne.

Saboda haka, malamai, duk wanda ya kawo muku lissafi, kafin ku tambaye shi mutum nawa ya gani, ku fara tambayarsa yadda ya zaɓe su. Ku kuma koya wa almajiranku haka da tsaba a ƙwarya. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.