Alkafura ba ta hana yaro tsawo: gaskiya da ƙarya kan wasan jimnastik

A Lolo da sauran garuruwan bakin Kogin Neja na ƙaramar hukumar Bagudo, ba sai an koya wa yaro alkafura ba. Da an gama bugun shinkafa an tara karanta, ko ruwa ya janye ya bar yashi, za ka ga yara suna rige-rigen juyi: wannan ya kafa hannu ƙasa ƙafafu a sama, wancan ya lanƙwashe ta baya har tafinsa ya taɓa ƙasa. Wannan wasan ne aka tsara, aka sa masa dokoki da alƙalai, ake kira jimnastik. Yanzu wayar hannu ta kawo wa yara bidiyon ƙwararru suna kwaikwayo, iyaye kuma kowa da abin da ya ji.

Maganar da ta fi yawo ita ce wasan yana tauye tsawo. Hujjar masu faɗa a bayyane take, domin Simone Biles ta Amurka, wadda ta tara lambobi 11 a gasar Olamfik, tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba. Sai dai an ɗauki zancen ta wutsiya. Gajere ya fi dogo saurin juyawa a iska, shi ya sa gajeru ke yin fice, dogaye su koma wani wasan. A wajen sukuwa ma marasa nauyi ake ɗorawa kan doki, ba wanda ya taɓa cewa hawan doki ne ya ƙanƙantar da su. A 2013 wani kwamitin masana da hukumar jimnastik ta duniya ta kafa ya bi diddigin binciken da aka yi, bai sami shaidar cewa horon yana rage tsawon da mutum zai kai idan ya girma ba. Tsawo gado ne, sai kuma abinci.

Batun asiri ko tausasa ƙashi da magani ba shi da tushe. Ba ƙashi ne ke lanƙwasa ba. Tsoka da jijiya ne ke saki a hankali idan ana miƙa su kullum, jikin yaro kuma ya fi na babba laushi.

Ana kuma cewa yarinyar da ta yi wasan ba za ta haihu ba. Ƙarya ne. Oksana Chusovitina ta Uzbekistan ta haifi ɗanta a 1999, ta koma fage, har ta yi gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 tana da shekara 46. Amma akwai ɗan abin dubawa a nan: yarinyar da ke horo mai tsanani ba ta cin isasshen abinci, al'adarta kan yi jinkiri ko ta ɗauke. Yunwa ce ke jawo haka, kuma duk malamin da ya ce yarinya ta rage ci don ta yi sauƙin tsalle, a raba shi da ita.

Ƙorafin sutura kuwa yana da ƙamshin gaskiya, don kayan da ake gani a talabijin ba su dace da tarbiyyarmu ba. Amma ba dole ba ne. 'Yan matan Jamus sun shiga gasar Tokyo da kaya masu rufe ƙafa har idon sawu, ba a rage musu maki ba. Wando da riga sun ishi mai koyo. Masu cewa wasan na Turawa ne ko na mata zalla, su tuna Uche Eke, namiji, wanda ya ci wa Najeriya zinare a wasannin Afirka na Rabat a 2019, da Kaylia Nemour da ta ci wa Aljeriya zinare a Paris a 2024.

Abin mamaki, haɗarin da ke akwai da gaske ba a cika zancensa ba. Na farko wuya. Yaron da ya yi alkafurar baya a kan busasshiyar ƙasa, juyin bai cika ba ya sauka da ka, lakarsa na iya taɓuwa ya shanye har abada. Haka wanda ya yi juyi daga bakin kwalekwale ya faɗa ruwan da bai san zurfinsa ba. Idan yaro ya faɗi ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu da ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi a girgiza, kada a ja kansa, kada a kai shi wurin mai ɗori. A kwantar da shi kan katako, kai da wuya a miƙe, a nufi asibiti.

Sai wuyan hannu. A ƙarshen ƙashin yaro akwai guringuntsin da ƙashin ke tsawo ta wurinsa, yawan dogara nauyin jiki a kai yana iya lahanta shi. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan kwana biyu ko uku ba ragwanci ba ne, hutu yake so da likita.

Akwai kuma wanda ake jin nauyin faɗa. A Amurka, Larry Nassar, likitan 'yan wasan ƙasar, ya shafe shekaru yana lalata da ɗaruruwan yara mata, sai a 2018 kotu ta ɗaure shi shekara 40 zuwa 175. Kada a bar yaro, mace ko namiji, shi kaɗai da mai koyarwa a ɗaki, ko wane ne shi.

Farawa ba ya buƙatar wani zaure mai tsada, ba kuma dole sai an fara tun ana tatata ba. Biles tana shekara 6 ta fara. Tsohuwar katifa ko yashi mai laushi da aka tsince duwatsu da kwalabe sun wadatar. A soma da mirginawa gaba, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tafiya a kan layi, da tsayuwa da hannu a jikin bango. Waɗannan suna cikin darasin motsa jiki na makarantun boko, don haka iyaye su tambayi malamin wasanni na makarantar ɗansu. Juyin baya a iska kuwa a hana shi sam, sai ranar da aka sami wanda ya iya koyarwa yana tsaye yana tallafe da bayan yaron.