Masaukin Mai Ƙaramin Ƙarfi a Tsakiyar Birnin Alƙahira

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu. Duk wanda ya taɓa sauka filin jirgin saman Alƙahira da tsakar dare, da balis a hannu da ƴan kuɗin guzuri a lalita, ya san gaskiyar wannan magana. Kowace shekara ƴan ƙasarmu suna zuwa Masar bisa dalilai iri iri. Wani ya kai ɗansa karatu jami'ar Azhar, wani ya raka mara lafiya wajen likitoci, wani fatauci ya kai shi, wani kuwa ma'aikaci ne da aka aika taro. Amma dukansu, tun daga Alhaji ɗan kasuwar Maraɗi har malamin makaranta na Tawa, tambaya ɗaya ce ke jiransu bakin ƙofar filin jirgi: ina zan kwana?

Yawancin mutanenmu hanya biyu kawai suka sani. Ta fari ita ce manyan otel-otel na bakin kogin Nilu, inda kuɗin kwana ɗaya yake cinye guzurin kwanaki da dama. Ta biyu ita ce a raɓa da wani ɗalibi ɗan gida, a matsa masa cikin ɗan ɗakinsa, a hana shi karatu, shi kuma kunya ta hana shi magana. Akwai hanya ta uku, watau ƙananan otel-otel na tsakiyar birni, kuma a kanta muke so mu yi wa masu karatu bayani yau, domin mun kwana bakwai cikin ɗaya daga cikinsu, mun ga amfaninsa, mun kuma ga aibinsa.

Mene ne otel-butik

Kowa a ƙasar nan ya san butik, ɗan kantin nan na bakin hanya wanda mai shi ya san sunan kowane mai saye. Daga nan ne aka aro sunan. Cikin shekarun 1980, a biranen Niyok da Landan, wasu masu otel suka lura matafiya sun gaji da manyan gidajen baƙi masu ɗaruruwan ɗakuna iri ɗaya, inda ba a san baƙo da suna ba sai da lambar ɗakinsa. Sai suka buɗe ƙananan wurare, kowane da adonsa da halinsa. Otel Morgans da aka buɗe a Niyok cikin 1984 yana cikin waɗanda aka fara kira da wannan suna, don an kwatanta shi da ɗan butik kusa da babban kanti.

A ƙasashen Turai da Amurka irin waɗannan wurare sau da yawa suna da tsada. A Alƙahira kuwa tarihi ya sa akwai masu araha, kuma sai mutum ya san tarihin unguwar kafin ya gane dalili.

Unguwar da Isma'ila ya gina

Misirawa suna kiran tsakiyar birninsu Wustul Balad. Isma'ila Basha, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, shi ya kafa unguwar. Ya je Paris cikin 1867, ya ga faffaɗan titunanta da dandalolinta, ya komo gida da niyyar gina irinsu kafin bukin buɗe mashigin ruwan Suwes na 1869. Aka yanka tituna miƙaƙƙu tsakanin tsohon birni da kogi, sa'an nan cikin shekarun da suka biyo baya attajirai, Misirawa da Girkawa da Italiyawa da Yahudawa da mutanen Sham, suka gina benaye masu hawa biyar, shida ko fiye, da dogon rufi da baranda da ƙofofin ƙarfe masu ado.

Daga baya zamani ya juya. Ran 26 ga Janairu 1952 aka yi tarzoma, wuta ta cinye ɗaruruwan gine-gine cikin unguwar, har da shahararren otel Shepheard. Cikin wannan shekara sojoji suka tuɓe Sarki Faruk, kuma bayan yaƙin Suwes na 1956 baƙi da yawa suka bar ƙasar. Gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya, har ya zamanto abin da mai gida yake karɓa bai isa ko gyaran pampo ba. Masu hali suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni, benayen suka tsufa, ƙura ta rufe adonsu.

Ana cikin haka sai wasu suka ga dama. Mutum ya kama hawa ɗaya ko biyu na tsohon bene, ya gyara, ya raba shi ɗakuna goma ko ashirin, ya kafa ɗan allo bakin ƙofa. Tun da ba shi ya gina benen ba, ba shi da lambu ko wurin iyo da zai ciyar, ma'aikatansa kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai ya iya sassauta kuɗin kwana. Wani kamfani mai suna Al Ismaelia, wanda aka kafa cikin 2008, ya saye gine-gine da dama cikin unguwar ya gyara su, gwamnati ita ma ta sabunta fuskokin benaye na manyan tituna. Ƙaurar ma'aikatun gwamnati zuwa sabon babban birnin da aka gina wajen kilomita 45 gabas da Alƙahira, wadda ta kankama cikin 2023, ta ƙara sa ana duban unguwar a matsayin wurin baƙi.

Kwana a hawa na biyar

Masaukinmu yana kan wani ɗan titi da ya ɓalle daga titin Tala'at Harb. Wanda bai sani ba sai ya wuce shi sau uku, domin ƙasan benen kantin takalma ne da wurin sayar da ruwan rake. Bakin ƙofa akwai dattijo zaune kan benci cikin doguwar riga, shi ne mai tsaron gida da Misirawa suke kira bawwab. Ba wanda zai shiga ko ya fita bai gani ba. Muka yi masa sallama, ya amsa da fara'a, ya nuna mana asansar, watau akwatin nan mai hawa da mutane sama. Na katako ne cikin kejin ƙarfe, kuma ba ya motsi sai an rufe ƙofofinsa biyu sarai. Hawa na biyu ofishin lauya ne, na uku likitan haƙori, na huɗu iyali ne ke zaune. Sai a na biyar muka tarad da ƙofa buɗe da fitila da ƙanshin shayi.

Saurayin da ke karɓar baƙi ya nemi fasfo ɗinmu ya rubuta, domin doka ta wajabta wa kowane otel ya rubuta baƙinsa. Ɗakin da aka ba mu ba shi da girma ƙwarai, amma rufinsa dogo ne, daɓensa na katako, zanin gado fari fes, ga makewayi da ruwan zafi a ciki, ga kilima, ga ƴar baranda da ke duban titi. Da muka tambayi alƙibla sai ya nuna mana, ya kuma kawo darduma ba tare da mun roƙa ba.

Da safe ana karin kumallo cikin zaure ɗaya, teburi huɗu ko biyar. Abincin na gida ne: ful, watau dafaffen wake da mai da lemun tsami, da ta'amiya wadda ta yi kama da ƙosanmu, da gurasa, da ƙwai, da shayi. Kafin kwana uku kowa ya san kowa. Mai dafa shayi ya san ba mu son sukari da yawa, mai karɓar baƙi ya san muna da mara lafiya da muke dubawa, kullum sai ya tambayi jikinsa. Shi ne ya rubuta mana sunan asibitin da Larabci kan ƴar takarda don mu nuna wa mai taksi, ya kuma faɗa mana abin da ya kamata mu biya. Wannan ƴar takarda ta yi mana amfanin da babban zauren marmara ba zai yi ba.

Abin da ƙafa take kaiwa

Alƙahira da kewayenta suna da mutane fiye da miliyan 20, cunkoson motocinta kuwa sai wanda ya gani. Saboda haka wanda ya sauka nesa don neman araha, abin da ya rage a kuɗin ɗaki sai ya zuba shi a taksi, ya kuma ɓata rabin yininsa kan hanya. A nan ne zaman tsakiyar birni yake da riba. Daga masaukinmu da ƙafa muke zuwa dandalin Tahrir, inda aka yi zanga-zangar Janairu 2011, da tsohon gidan kayan tarihi da aka buɗe cikin 1902, da gadar Kasrun Nil mai gumakan zakoki. Masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa cikin shekara ta 970, da kasuwar Khan al-Khalili suna wajen kilomita 3 gabas.

Ga kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa, watau metro, wanda aka buɗe layinsa na fari cikin 1987. Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, tashar Ataba tana kusa da manyan kasuwannin tufafi da kayan kuran, tashar Shuhada kuwa tana daura da babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Akwai taragai da aka keɓe wa mata kaɗai, abin da zai kwantar da hankalin Hajiyoyinmu. Abinci kuma ba wuya: kwano ɗaya na kushari, watau shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir da soyayyar albasa, yana riƙe mutum tun azahar har dare.

Araha ba ta ado

Kada mai karatu ya zaci babu aibi. Tun daga filin jirgi, wanda yake wajen kilomita 20 daga tsakiyar birni, mai taksin da ya ɗauke mu ya rantse mana cewa an rufe otel ɗin da muka ambata, amma ya san wani mai kyau. Muka dage, muka iske wurin a buɗe. Daga baya muka gane akwai masu karɓar la'ada kan kowane baƙon da suka karkatar. Daren fari kuwa barci ya gagara, domin titin ba ya yin shiru sai wajen asuba, ƙahon motoci da hayaniyar masu shan shayi suna shigowa ta baranda. Kashegari muka roƙi ɗakin da ke duban bayan gida, ba shi da kyan kallo amma muka yi barci. Rana ta huɗu asansar ya tsaya cik, muka hau hawa biyar da ƙafa. Mu dai mun iya, amma da tare muke da tsoho ko mai ciwon ƙafa, da abin ya zama wahala. Ranar biya kuma muka tarar lissafi ya ɗara abin da muka zata, domin kuɗin da aka faɗa mana tun fari bai haɗa da haraji da kuɗin hidima ba. Laifinmu ne da ba mu tambaya ba.

Don haka ga shawararmu ga mai niyyar tafiya. Ya kama ɗaki tun yana gida, ya riƙe shaidar a rubuce tare da lambar wayar otel da adireshinsa cikin Larabci. Ya tambaya ko kuɗin ya haɗa da haraji da karin kumallo, da wane irin kuɗi za a biya, domin darajar fam ɗin Masar ta faɗi ƙwarai cikin Maris 2024, kuma wasu wurare da dalar Amurka suke yanka farashi. Ya tambaya hawa na nawa ne, ko asansar yana aiki, ko makewayin na cikin ɗaki ne ko na tarayya. In ya isa, ya duba ɗakin da idonsa kafin ya biya, ya buɗe pampo, ya kunna kilima, ya kuma nemi matakalar fita in wuta ta tashi, tun da benayen tsofaffi ne. Mai tafiya da iyali ya riƙe takardar aure, don akwai wuraren da suke nema. Mai zuwa cikin Disamba ko Janairu ya tambayi bargo, sanyin Alƙahira ba wasa ba ne. Kowane kuɗi ya biya ya karɓi takarda. Matambayi ba ya ɓata.

Tsohuwar hanya ce

Kafin mu taso mun ziyarci Wikalar Guri kusa da Azhar, wadda Sarki Kansuh al-Guri ya gina wajen 1504. Ƙasanta wurin ajiye haja ne da dabbobi, samanta ɗakunan fatake. Da ganinta sai muka tuna da zangunanmu da gidajen fatoma na Damagaram da Agadas, inda mai gida yake sauke baƙo, ya tsare masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Kakanninmu ma sun san wannan hanya: tun tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Masar domin alhazansu da ɗalibansu, daga baya kuma ɗaliban Barno suka sami nasu sashe cikin Azhar. Abin da suka nema a wancan zamani shi ne muke nema yau, watau wuri mai tsabta da aminci kusa da bukata, da mai masaukin da ya san gari.

Ba mu da tabbacin arahar za ta dawwama. Cikin 2025 Masar ta yi sabuwar doka wadda za ta kawo ƙarshen tsohuwar haya cikin shekaru 7 ga gidajen zama, 5 ga wuraren sana'a. Masu gidaje sun yi murna, talakawan da suka gaji haya daga iyayensu kuwa suna cikin zulumi, kuma kowane bene da aka gyara kuɗinsa tashi yake yi. Amma wanda ya yi bincike kafin ya tashi, yana iya kwana tsakiyar ɗaya daga cikin manyan biranen Afirka cikin mutunci, bai tauye ɗalibi ba, bai kuma cinye kuɗin magani ko jarin fatauci a kan gado ba. Ranar da za mu tafi, dattijon bakin ƙofa ya riƙe mana balis har bakin titi, ya tsaida taksi, ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Allah ya kai kowane matafiyi masauki na gari, ya kuma maido shi gida lafiya, amin.