Digiri ko Sanin Daji: Wa Ya Cancanci Aikin Kama Kyarkeci a Amurka?

A jihohin Idaho da Montana da Wyoming na ƙasar Amurka akwai wani aikin gwamnati wanda sau da yawa yakan jawo muhawara, wato aikin kama kyarkeci da tarko, a sanya masa abin wuya mai rediyo, a sake shi, sa'annan a riƙa bin diddiginsa. Kyarkecin da ake nufi a nan shi ne na ƙasashe masu sanyi, ɗan'uwan kare, wanda nauyinsa kan kai kilo 35 zuwa 55. Ya sha bamban da kyarkecin dajin Afirka mai dabbare-dabbare, sunan ne kawai aka ara masa.

Asalin maganar tana da tarihi. Tun a shekarar 1926 aka kashe kyarketai na ƙarshe a gandun dajin Yellowstone, saboda ɓarnar da ake ganin suna yi wa dabbobi. Bayan an kafa dokar kare halittu masu shirin ƙarewa a 1973, sai ra'ayin hukuma ya juya. A shekarun 1995 da 1996 aka kamo kyarketai 66 daga Kanada, aka saki 31 a Yellowstone, 35 kuma a tsakiyar Idaho. An ƙudura cewa sai an sami kyarketai 300 da ma'aurata 30 masu haihuwa har shekara uku a jere kafin a ce sun farfaɗo. An cika wannan sharaɗi a 2002, kuma a 2011 majalisar dokokin ƙasar ta mayar wa Idaho da Montana ikon kula da kyarketansu. Daga nan ƙidaya ta zama babban al'amari, domin da ita ake yanke yawan da za a bari a farauta.

To, ta yaya ake ƙidaya dabbar da ke gudun mutum, wadda garkenta guda kan mallaki fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita? Tsohuwar hanya ita ce a kama ɗaya ko biyu daga kowane garke a sanya musu abin wuya. Siginar rediyon ita ke nuna inda garken yake, sai a bi ta jirgin sama a ƙirga su. Da rani akan yi amfani da tarkon ƙafa mai roba a baki don kada ya karya ƙashi, ana kuma duba shi kullum. Da hunturu kuwa, lokacin da sanyi zai iya lalata ƙafar da ke cikin tarko, akan harbi dabbar da allurar sa barci daga jirgi mai saukar ungulu.

Hukumomin jihohi sukan nemi mai digiri a fannin ilimin namun daji idan za su ɗauki jami'in wannan aiki. A nan ne mafarauta da masu ɗana tarko da yawa ke ƙorafi. Hujjarsu ta farko ita ce kyarkeci yana da wayo da kaifin hanci ƙwarai. Dole a dafa tarko don kawar da warin mutum, a riƙe shi da safar hannu, a binne shi daidai inda dabbar za ta taka, a kuma yaudare ta da fitsari ko kashin wani garke. Kyarkecin da ya taɓa kuɓuta daga tarko da wuya ya sake faɗawa. Suna ganin wannan sani sai da shekaru cikin daji ake samunsa, kuma sharaɗin digiri yana toshe ƙofa ga wanda ya fi kowa iya aikin.

Hujjarsu ta biyu ta kuɗi ce. Kaso mai yawa na kuɗin hukumomin namun daji na jihohi yana fitowa ne daga lasisin farauta, da kuma harajin bindigogi da harsasai wanda wata doka ta 1937 ta tanada. Saboda haka suna ganin suna da ta cewa. Wasunsu kuma suna zargin ƙidayar hukuma tana gaza ainihin yawan kyarketai, alhali su ne ke ganin sawu da gawar manyan barewa a cikin duwatsu.

Masana kimiyya ba su musanta gwanintar masu tarko ba, sai dai suna cewa kamawa rabin aikin ne. Wanda ya kama dole ya san gwargwadon maganin barci bisa nauyin dabbar, ya lura da zafin jikinta da numfashinta, ya ɗebi jini don gwajin cututtuka, ya kimanta shekarunta ta haƙora. Bayan haka sai lissafi, domin adadin da ido ya gani ba shi ne adadin da ke akwai ba. Rahoton da zai fitar kuma yana iya zuwa gaban kotu, inda za a tambayi hanyar da aka bi aka sami kowace lamba. Ƙungiyoyin kare dabbobi su ma suna da nasu tsoron, cewa wanda ke son a rage kyarketai zai iya kumbura adadi.

Tarihin Carter Niemeyer ya nuna yadda bangarorin biyu kan haɗu a mutum guda. Ya tashi yana ɗana tarko a jihar Iowa, ya kuma yi digiri a ilimin namun daji, sa'annan ya zama mai tarkon gwamnati a Montana. Shi ne ya yi aiki tare da masu tarkon Kanada wajen kamo kyarketan da aka saki a 1995. Idan makiyayi ya kawo ƙarar kyarkeci ya kashe masa maraƙi, yakan feɗe gawar ya nemi gurbin haƙori da taruwar jini ƙarƙashin fata, abin da ke nuna an ciji dabbar tana da rai. Sau da yawa binciken yakan nuna ciwo ne ya kashe ta, kyarkeci mushe kawai ya tarar.

Hanyoyin ƙidaya ma sun sauya. Montana takan buga wa mafarautan barewa waya ta tambayi inda suka ga kyarketai, sa'annan masana su sarrafa amsoshin da lissafi. Idaho kuwa a 2019 ta kafa ɗaruruwan kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, ta kimanta kyarketanta da kusan 1,500. Sai wanda ya san daji zai san hanyar da ta dace a kafa kyamara, sai kuma wanda ya san lissafi zai mayar da hotunan su zama adadi. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni zai amfana idan ya riƙe darasin lissafi da na ilimin halittu da kyau, ya kuma riƙa zama da dattawan maharba yana koyon karatun sawu.