Cinikin biri a sama: Yadda ake sayen amfilifaya da sifika ta waya a Birnin Kudu da Gwaram

Da zarar an kawar da amfanin gona a kudancin Jigawa, sai kakar biki ta kama. Daga Unguwar 'Ya zuwa Kantoga, daga Babaldu zuwa Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram, da wuya mako ya ƙare ba a jiyo amon sifika daga wani lungu ba, ko na kamu, ko majalisin sha'irai, ko walimar sauka, ko taron siyasa. A bayan kowane amo akwai wanda ya zuba jarinsa, sau da yawa kuɗin riɗi ko na dabbar da aka yi kiwo, ya sayi kayan sauti yana bayarwa haya.

Sai dai manyan kayan ba a kasuwar ƙauye ake samunsu ba. Ko dai mutum ya bi ta Wudil ya shiga Kano, tafiyar da ta haura kilomita 100, ya zaga Sabon Gari da titunan da ke kewaye da ita, ko ya yi oda daga kasuwar Alaba da ke Legas. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsalle, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ta ja farashin duk abin da ake shigowa da shi. Shi ya sa hanya mafi sauƙi yanzu ita ce ta waya: ɗan kasuwa ya turo hoto da bidiyo ta WhatsApp, a yi ciniki, a tura kuɗi, a ɗoro kaya a mota. Sai an sauke su a tasha mai su zai fara jin muryarsu.

Wannan ciniki ya fi haɗari a ɓangare guda, wato sauti mai kauri da ake kira bes, wanda ake ji yana dukan ƙirji.

Abin da waya ba za ta iya ɗauka ba

Jitar bes ba ta yi yawa a kiɗan Hausa na zamani ba, domin tun shekarun 1990 fiyano ce ta mamaye situdiyo, kuma daga cikinta ake fitar da bes ɗin. An fi ganin jitar a coci-coci da kuma ƙungiyoyin Nijar irin su Tal National ta Yamai da makaɗan biki na Agadas. Amma ko daga jita ya fito, ko daga fiyano, ko daga waƙar da mai DJ ya kunna, buƙatar bes ɗaya ce: sai an tura iska mai yawa.

Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana karkarwa sau 41 a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa 41 Hz a jikin kaya. Mai tsirkiya biyar tana sauka zuwa 31. Jita ta yau da kullum kuwa a 82 take tsayawa. Ƙaramar sifikar da ke jikin waya ba ta iya fitar da abin da ya yi ƙasa da 'yan ɗaruruwa. Ke nan ainihin abin da mutum zai biya kuɗi dominsa bai ma shigo cikin bidiyon da aka turo masa ba.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne, kunne na cike giɓi da kansa. Kowane sauti mai kauri yana tafe da wasu sirara a samansa, kuma idan kunne ya ji siraran sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ta ji mai kaurin. Saboda haka akwatin ƙwarai da akwatin banza suna iya yin kama ɗaya a waya. Ga kuma makirfon wayar ɗan kasuwa, wanda ke rage ƙara da kansa idan ta yi masa yawa, ga manhajar da ke matse sautin kafin ya iso. Sa abin kunne yana ɗan taimakawa, amma ba zai dawo da abin da aka rasa tun wajen ɗauka ba.

Ko wanda ya je shago da ƙafarsa bai tsira gaba ɗaya ba. A rumfa mai ƙunci, bango da rufi suna maido da sauti, bes ya ninku. A filin makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci babu bangon da zai taimaka, kuma duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara na raguwa sosai. Kayan da suka girgiza shago a Kano suna iya zama abin tausayi a fili. Mutanen Birnin Kudu dai ba baƙin wannan darasi ba ne: a cikin duwatsun garin masu zanen mutanen da, akwai waɗanda ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, kuma da ido ba a bambanta mai amo da kurman dutse.

Lambar da ke jikin kwali

Idan bidiyo bai isa shaida ba, mai saye sai ya koma kan lamba, kuma lambar da ta fi ɗaukar ido ita ce wat. A nan ake yin babbar damfara. Akwai wat iri biyu a kasuwa. Wanda aka rubuta RMS a gefensa yana nuna ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore. Wanda aka rubuta PMPO kuwa ba shi da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Matsalar ta daɗe, har ta sa hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa ƙa'ida a 1974 kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifayar gida.

Don a gane girman ƙaryar, amfilifayar bes ta Ampeg SVT da aka fitar a 1969, wadda manyan makaɗan duniya suka cika filayen wasa da ita, wat 300 ce kawai. Yau sai a ga wani ɗan akwati an rubuta masa 5,000.

A da nauyi kan tona asiri, domin amfilifaya mai ƙarfi tana ɗauke da katon taransifoma. Yanzu akwai sabuwar ƙira marar nauyi mai ƙarfin gaske, don haka wannan gwajin ya daina aiki shi kaɗai. Wanda bai daina ba shi ne na fis. A nemi hoton bayan amfilifaya, wajen da wayar wuta ke shiga. Idan fis ɗin na amfiya 3 ne, a wutar Najeriya mai bolt 230, duk abin da zai iya wucewa ta cikinsa a ɗore bai kai wat 700 ba. Na'ura ba ta ba da abin da ba ta sha ba.

Sannan wat ba shi ne ƙara ba. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat kusan sau goma. Lambar da ta fi amfani ita ce wadda ke nuna yadda sifika ke juya wuta ta zama sauti, ana rubuta ta da dB. Sifika mai 97 dB za ta yi ƙarar mai 94 dB da rabin wuta. Ga wanda ke sayen fetur a galan kowane daren biki, wannan bambancin kuɗi ne a aljihu.

Auren amfilifaya da sifika

Kayan da suka ƙone a daren farko ba lallai jabu ne ba. Sau tari aurensu ne bai dace ba.

Kowace sifika tana da lambar om, galibi 8 ko 4, kuma kowace amfilifaya tana da iyakar da aka rubuta mata a baya. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lissafin na tafiya a juye. Idan aka jona sifika biyu masu om 8 a layi ɗaya, yadda aka saba jonawa daga wannan akwati zuwa wancan, sun koma 4. Idan huɗu ne sun koma 2. Duk sa'ad da lambar ta sauka, nauyin da ke kan amfilifaya ƙaruwa yake yi. A ɗauki misalin matashin da ya sayi amfilifaya mai iyakar om 4 da akwati biyu, komai lafiya. Ranar babban biki sai ya aro wasu biyu wurin abokinsa don ya burge, ya jona su a layin. Idan na'urar mai kariya ce za ta ɗauke a tsakiyar rawa, idan ba ta da ita sai hayaƙi. Shi ya sa kafin a yi oda ya kamata mutum ya san akwati nawa yake burin kaiwa nan da shekara biyu, ba na yau kawai ba.

Ƙaramar amfilifaya ma tana kashe babbar sifika, abin da mutane da yawa ba sa yarda da shi. Idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, sautin yakan tsage, kuma wannan tsagewar ce ke dafa koyil, musamman na 'yar ƙaramar sifikar sama. Jan fitilar da ke ƙiftawa a gaban amfilifaya gargaɗi ne, ba ado ba.

Haka kuma ba kowace sifika ce ta bes ba. Lasifika mai bakin kakaki da ake ɗaurawa a masallaci ko kan motar talla don murya aka yi ta, kuma amfilifayar jita ta yau da kullum ba ta jure bes na dogon lokaci. Masu jitar bes sun fi amfani da akwati mai sifika huɗu 'yan inci 10, ko guda ɗaya mai inci 15. Masu DJ kuwa inci 18 suke nema.

Shi kansa akwatin ba katako ne kawai ba. Faɗin cikinsa da girman ramin da iska ke fita an auna su ne daidai da sifikar da ke ciki. Wasu na sayen sifikar zalla su ba kafinta a gida ya ƙera akwati, dabara ce mai rage kuɗin dako, amma sai an bi awon da kamfanin ya bayar, ba kwaikwayon hoto ba. A kuma tambayi irin katakon, domin wanda aka matse daga dusar katako yana kumbura da zarar ya sha danshin damina.

Sai batun wuta. Ko a inda layin KEDCO ya kai, mai haya ba ya dogara da shi, janareta ne abokin aikinsa. Ƙaramin janaretan da ake kunna fitila da fanka da shi bai kai wat 1,000 ba, kuma bes yana jan wuta ne a fizge, kowane bugu sai injin ya yi nishi. Wanda zai sayi na hannu kuma ya duba da kyau, kayan da aka yi don Amurka wutar bolt 120 suke sha. Idan babu makunnin sauyawa aka jona su kai tsaye, ko waƙa ɗaya ba za su rera ba.

Sharaɗi kafin kuɗi

Sayen abin da ba a gani ba ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma malaman Malikiyya sun yi masa babi. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan yankin, ya halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ya yi taka-tsantsan da sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso, sai idan suna kusa ko irin waɗanda ba sa sauyawa ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, idan suka saɓa wa abin da aka siffanta masa.

Dukansu biyu sun rataya ne a kan siffa. Wanda cinikinsa ya tsaya a kan cewa kaya na da kyau kuma suna da ƙara, ba shi da abin kamawa gaban kowa. Wanda ya sa aka rubuta masa a saƙo sunan kamfani, lambar ƙira, wat na RMS, om, da ko sabo ne ko na hannu, ya riƙe hujja. Da lambar ƙira ana iya duba shafin kamfanin a intanet a gani ko ma sun taɓa ƙera irin wannan, domin manna tambarin babban kamfani a jikin jabu ba wuya ba ne.

Mafi arha cikin duk matakan kariya shi ne a biya wani mai gyaran rediyo a Kano ko Legas ladan awa ɗaya ya je shagon. Shi zai yi abin da waya ba ta yi. Zai danna fuskar sifika a hankali ya ji ko tana gogawa, ya shinshina ko akwai ƙaurin ƙonewa, ya duba gam ya gane ko an taɓa sake naɗa koyil. Zai sa mita, inda sifika mai om 8 kan nuna tsakanin 5 da 7. Idan ta nuna ƙasa da haka sosai, ko ba ta nuna komai ba, akwai magana. Zai kuma ɗauki hoton lambar da ke jikin kayan, don kada a gwada wani a ɗoro wani.

Idan kaya sun iso, kada ranar biki ta zama ranar gwaji. A fitar da su fili, a kan janaretan da za su yi aiki da shi, a fara da ƙaramar murya, a bar su su yi awa biyu ko uku, domin wata matsalar sai na'ura ta ɗauki zafi take bayyana.

Akwai tambaya ɗaya da aka fi mantawa da ita a lokacin ciniki: idan za a mayar, cikin kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin mota? Akwati biyu masu inci 18 suna cinye bayan ƙaramar mota gaba ɗaya. Daga Gwaram zuwa Kano ana iya jurewa. Daga Gwaram zuwa Alaba, dakon zuwa da dawowa kan iya cinye duk rangwamen da ya sa aka tsallake Kano tun farko.